Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: tarihin kiɗan fiyano da filash ɗin da muke biyan kuɗi mu kalla

'Yan uwana ɗalibai, na Yelwa da na Gubi, na Gwallameji da na Tatari Ali, da duk wanda rubutun nan ya iske a wata makarantar. Rubutun yana da ɗan tsawo, don haka wanda ke cikin lakca yanzu ya ajiye shi sai ya fito.

Mun shiga lokacin nan na ƙarshen zango da kowace ƙungiya ke manna fosta a garin Bauchi: makon al'adu, dinar 'yan ajin ƙarshe, taron ɗaliban jiha kaza. Kowace fosta da hoton wani mawaƙi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙi cewa zai yi wasa kai tsaye. Mu matse kuɗin abinci mu sayi tikiti, mu cika ɗan zauren da aka kama. Mawaƙi ya iso a makare, yaronsa ya miƙa wa DJ filash, a saki waƙar da ke cikin wayarmu tun bara, shi kuma ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, jefi-jefi ya ce a ɗaga hannu sama. Waƙa huɗu, liƙi, hotuna, sai mota. Kowa ya san haka ake yi, kuma mun saba har ba ma tambaya. To amma abin yana da asali, kuma asalin bai kai shekara arba'in ba. Shi nake so mu bi tare, domin in mun san inda aka faro, za mu san abin da ya kamata mu nema da kuɗinmu.

KAFIN FIYANO

A zamanin iyayenmu, wasa ne ke haifar da faifai. Alhaji Mamman Shata zai zo gari da makaɗan kalangu da 'yan amshinsa, a yi fili, ya tsaya ya ƙirƙiri waƙa a gaban jama'a. Abin da gidan rediyo ko kamfanin faifai ya ɗauka, hoton dare ɗaya ne kawai daga cikin darare dubu. Shi ya sa in ka tara kaset-kaset na Bakandamiya za ka ji ba iri ɗaya ba ne, kowanne da abin da ya ƙaru ko ya ragu gwargwadon wurin da aka yi shi da mutanen da ke zaune. Haka Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, haka Barmani Choge da ƙoren amada a Funtuwa. Maƙwabcinmu Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai ne da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya zaga duniya da shi har ya rasu a watan Yunin 2015. Ko a ɓangaren kiɗan zamani na wancan lokacin, Bala Miller yana da cikakkiyar tawaga a Kaduna, da masu jita da masu busa da masu ganga, suna waƙa da Hausa.

Wannan salon bai mutu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Bauchi ranar hawan Sallah ya ji kakaki da algaita da tambari suna fita daga bakin mutane da hannayensu, ba waya, ba sifika. Sai dai kiɗan da mu matasa muke kwana da shi a kunne ta wata hanya daban ya biyo.

NA'URAR DA TA CINYE TAWAGA

A shekarar 1970 wani kamfanin Amurka ya fitar da Minimoog, 'yar na'urar haɗa sauti da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ba ta da tsirkiya, ba ta da fata, wutar lantarki take sarrafawa ta zama sauti. A Jamus ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Dusseldorf ta gina kiɗanta kacokan a kan irin waɗannan na'urori, faifansu Autobahn na 1974 ya shiga duniya. Daga ƙarshen shekarun 1970 matasan Ingila suka karɓa, aka sami abin da suke kira synth-pop, wato waƙoƙin nishaɗi da aka kaɗa da na'ura zalla. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7, a shekarar kuma aka fito da tsarin MIDI da ke sa na'urori su yi magana da juna. Daga nan farashi ya riƙa sauka, har ƙananan fiyano na Casio da Yamaha suka cika kasuwannin duniya.

Kada ku ɗauka Afirka ta makara. A Inugu, William Onyeabor ya kafa situdiyonsa da masana'antar buga faifai, ya fitar da faya-fayan kiɗan na'ura tsakanin 1977 da 1985. A Yamai kuwa akwai Mamman Sani, wanda ya sami wata fiyano ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa juya waƙoƙin gargajiyar Nijar da ita. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasar, kwafi kaɗan aka buga. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san ma sunan mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wancan kaset ɗin, dattijon ya fara zagaya zaurukan Turai da fiyanonsa. A shekarar ne kuma kamfanin Luaka Bop ya tattaro waƙoƙin Onyeabor, duniya ta ruɗe a kansa, amma shi ya ƙi hawa dandamali har ya rasu a Janairun 2017. Wasu makaɗa ne suka haɗu suna kaɗa waƙoƙinsa a madadinsa. Ku riƙe waɗannan mutane biyu a zuciya: ɗaya ya fito ya kaɗa a gaban mutane, ɗaya ya tsaya a situdiyo. Tsakanin hanyoyin nan biyu kiɗanmu yake har gobe.

YADDA TA SHIGO ƘASAR HAUSA

Mu ta ƙofar fim na'urar ta shigo mana. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Arewa ke nuna finafinan Indiya, kunnuwan iyayenmu suka saba da namiji da mace suna musayar baiti. A shekarun 1980 su kansu Indiyawan suka rungumi na'ura, kamar yadda duk wanda ya ji kiɗan Bappi Lahiri a fim ɗin Disco Dancer na 1982 ya sani. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka buɗe babin fim ɗin bidiyo na Hausa, ba a jima ba kuma masu shiryawa suka gane waƙa ce ke sayar da kaset.

To wa zai kaɗa? Ɗauko tawagar kalangu zuwa situdiyo kuɗi ne, ga shi kalangu ba zai ba da irin sautin Indiya da ake nema ba. Nan fiyano ta shigo. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana bin tarihin wannan harka, ya nuna yadda situdiyon Iyan-Tama a Kano ya sayi Yamaha PSR-220 a 1996, daga baya aka sami manyanta masu tarin sautuka. A cikin sautukan da Japanawa suka zuba mata akwai masu kama da sarewa, masu kama da goge, masu kama da gangunanmu. Yaran Kano suka zauna suka tsamo su ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa da karin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali. Daga amshin waɗannan waƙoƙin ne aka samo sunan nanaye. Dab da shekarar 2000 fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya tabbatar da cewa wannan sautin shi ne kasuwa. Abin lura, a watan Yunin 1999 Shata ya rasu. Kusan a lokaci guda aka rufe wani babi aka buɗe wani.

Daga nan sai ambaliya. Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad da Sani Danja, Maryam Sangandale, Fati Nijar da ta taso daga Maraɗi. Bayansu su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, Ado Gwanja, har zuwa Hamisu Breaker da Jarumarsa ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona. Aminu Ala ya ɗora waƙar ilimi da ta sarauta a kan fiyano, masu bege suka ɗauka, 'yan siyasa suka ɗauka. Ko mutanen waje sun lura: a 2013 Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. A taƙaice, muna da namu synth-pop ɗin, mun gina shi da hannunmu, kawai dai fiyano muke ce masa.

Akwai wani alheri da fiyano ta yi wanda ba a cika faɗa ba. A da kiɗa gado ne, kuma ana yi wa makaɗi kallon maroƙi. Ɗan malam ko ɗan ma'aikaci ba zai rataya kalangu ya koma gida lafiya ba. Fiyano ba ta da wannan tambarin. Kayan boko ce, kamar kwamfuta. Ita ta buɗe wa dubban matasa ƙofar da a da take rufe, maza da mata.

TO ME YA HANA TA HAWA DANDAMALI?

Ga inda gizo ke saƙar. Waƙar nanaye ba a haife ta don a rera a gaban jama'a ba, an haife ta ne don wani ya hau kanta a fim. Mawaƙi ya rera a situdiyo, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara. Shekaru da yawa mutane sun fi sanin fuskar jarumin da sunan mai muryar. Da aka fara wasannin gala, inda 'yan fim ke zuwa gari-gari lokacin Sallah, abin da jama'a suka biya su gani shi ne jarumi yana rawa yana bin kaset da baki, kamar yadda ya yi a fim. Tun daga tushe muka koyi cewa motsa baki shi ne wasa. Da mawaƙan suka fito da fuskokinsu suka zama taurari, sai suka gaji dandamalin yadda suka same shi.

Na biyu, yadda ake haɗa waƙar. Mutum ɗaya ne a ɗaki yake ɗora ganga, ya dawo ya ɗora sarewa, ya dawo ya ɗora goge, hawa-hawa. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fiyano ta ɗauka. Babu tawagar da ta taɓa zama ta yi atisayen waƙar, balle a ce a ɗauko ta zuwa Bauchi. Da kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su FL Studio, ita kanta fiyanon ta koma cikin allo. Sannan ga Auto-Tune, wanda aka ƙirƙira a 1997, mai miƙe murya ya sa mata wannan ƙyallin ƙarfe da muka saba ji. Wanda aka san shi da wannan muryar, in ya buɗe baki ba na'ura, yana tsoron a ce ba shi ba ne.

Na uku, kuɗi. Masu satar fasaha da masu tura waƙa a memori sun kashe cinikin kaset da sidi, mawaƙi ya koma dogaro da biki da siyasa. A gidan biki kuwa ba wanda ke biyan kuɗin motar makaɗa biyar daga Kano. Filash ba ya cin abinci, ba ya kama ɗakin otal.

Na huɗu, wuraren da za a yi wasan ma sun ƙanƙance. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001, daga 2007 kuma aka shiga shekarun takun-saƙa tsakaninta da 'yan fim da mawaƙa, har wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna. Sai kuma shekarun rashin tsaro. Mu a nan Bauchi ba mu manta da daren 29 ga Mayun 2011 ba, da bama-bamai suka tashi a kasuwar barikin Shadawanka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan irin waɗannan abubuwa taron dare ya zama abin tsoro na tsawon lokaci. Makaɗi kuwa a gaban mutane yake goguwa, in ba fili ba zai gogu ba.

BA MU KAƊAI MUKA SHIGA WANNAN BA

Turawan da suka fara kiɗan na'ura su ma sun sha wannan gardamar. A 1982 wani reshe na ƙungiyar makaɗan Ingila a Landan ya nemi a hana amfani da na'urorin, saboda suna raba mutane da abincinsu. Amma dubi yadda matasansu suka yi. Ƙungiyar OMD ta fara wasa a 1978 a wani ɗan kulob mai suna Eric's a Libaful, su biyu ne da rikoda mai ɗauke da sautin ganga, har suna suka sa wa rikodar, wai Winston. Rikoda na ba da ganga, su kuma suna kaɗa fiyano da jita da hannunsu, suna rerawa da bakinsu. Depeche Mode, waɗanda daga baya suka riƙa cika filayen ƙwallo, a wani ƙaramin wuri mai suna Bridge House a gabashin Landan mai kamfanin faifai ya fara ganinsu a 1980. Na'ura tana taimakawa, amma mutum yana aiki a gaban ido.

Ɗaya ɓangaren kuma akwai Milli Vanilli, wasu samari biyu da aka gano ba su ne suka rera waƙoƙinsu ba, baki kawai suke motsawa. A Nuwamban 1990 aka ƙwace kyautar Grammy da aka ba su. Abin da ya zama abin kunyar duniya a can, mu a nan tikiti muke saya mu tafa masa. Bambancin dai namu mawaƙan muryarsu ce a cikin filash ɗin, wannan kam a ba su haƙƙinsu.

ABIN DA ƘARAMIN ZAURE KE IYAWA

Gani ya kori ji. Na taɓa halartar wani taro a wani ɗan zaure a cikin garin nan, kujerun roba ne da ba su fi ɗari ba, fanka biyu, janareta na kuka a waje. Mawaƙin da aka gayyato, wanda na daɗe ina son waƙoƙinsa, ya zo da mai fiyano ɗaya da 'yan amshi biyu. Ina zaune kusa har ina ganin yatsun makaɗin. Hannun hagu yana danna tushen kiɗa, na'ura na bin sa da ganga, hannun dama yana fitar da sarewar nan da na ɗauka kwamfuta ce kawai ke iya ta. In an zo gaɓa sai ya taɓa wani maɓalli ganga ta yi juyi, mawaƙin ya shigo daidai kan lokaci. Ido kawai suke haɗawa.

Muryar ba ta kai ta waya santsi ba. Akwai inda ta ɗan karye, akwai inda ya ja numfashi muka ji. Amma da ya ga wani baiti ya taɓa mutane, sai ya ɗaga wa makaɗin hannu aka maimaita, aka sassauta kiɗan har muryoyinmu suka rufe sifika. Ya saka sunayen unguwanni da ba sa cikin asalin waƙar, Wunti, Jahun, Fadaman Mada, ya tsokani masu cin masa da safe, zaure ya kece da dariya. Waƙar da ke minti biyar a waya ta kai kusan kwata. Wallahi a nan na ga jinin Shata yana gudana a cikin kayan Japan. Filash ba ya jin tafi, ba ya sanin a Bauchi yake ko a Gusau.

Kuma irin wannan a ƙaramin wuri ya fi yiwuwa. A filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, mawaƙi ɗigo ne daga nesa, ko ya rera ko bai rera ba ba ka sani ba. A zauren mutum ɗari babu wurin ɓuya. Kayan da ake buƙata ma ba su da yawa: fiyano ɗaya, makirufo uku, sifika biyu masu kyau.

ABIN DA KE HANNUNMU

'Yan uwa, yawancin waɗannan tarukan mu ne muke shirya su. Shugabannin ƙungiyoyi da daraktocin walwala abokanmu ne, ɗakinmu ɗaya da wasunsu. Kuɗin kuma namu ne, daga harajin ƙungiya da tikiti. Don haka ga shawarata.

Idan za a gayyato mawaƙi, a yi magana tun farko, a rubuce: aƙalla waƙa biyu da bakinsa, a kan kiɗa zalla wanda ba murya a ciki. Kowane situdiyo na iya cire masa wannan. Idan da hali ya zo da mai fiyanonsa, a rage kuɗin kwalliyar zaure a biya makaɗin. Idan kuma bin filash zai yi, to kada a rubuta kai tsaye a fosta, a faɗa wa mutane gaskiya su zaɓa.

A riƙa kiran sunan makaɗi a makirufo. Mutanen da suka gina wannan sauti tun daga 1996 yawancinmu ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali waƙar da kake so, rabinta aikin yatsunsu ne.

Sannan a duba cikin gida. A hostal-hostal ɗinmu akwai masu haɗa kiɗa a laftof, akwai 'yan uwanmu Kirista da suka ƙware a fiyano da ganga tun suna yara a ƙungiyar mawaƙan coci, akwai masu murya da ba su taɓa samun makirufo ba. Jami'ar fasaha ce fa a garin nan tun 1980, a ce ba mu da waɗanda za su iya saita sauti a zauren mutum ɗari? A ba su minti ashirin kafin babban baƙo ya hau. Za su yi kuskure, muryar wani za ta rawa. A haka kowa ya fara.

Na san wani zai ce shi dai rawa ya je yi, ba ruwansa da wa ya kaɗa. Ba laifi, DJ ya ishe ka, kuma ya fi araha. Amma in dai sunan mutum aka sa a fosta har ka fasa cin abincin kwana biyu don ka gan shi, to haƙƙinka ne ka ji abin da babu shi a wayarka. Masu shirya taron wannan zangon, ga ku ga fili. Wanda ya san wani ɗalibi mai kaɗa fiyano ko mai murya, ya nuna masa rubutun nan, ya kuma haɗa shi da shugabannin ƙungiyarsu tun kafin a buga fosta.

Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, Ya sa mu gama lafiya.